Gasar da aka halasta allura: Tarihin sinadaran gina tsoka da abin da suke bari a jiki

A watan Fabrairun 2025, wani ɗan wasan ninƙaya ɗan ƙasar Girka mai suna Kristian Gkolomeev ya faɗa ruwa a jihar North Carolina ta Amurka, ya keta mita 50 cikin daƙiƙa 20.89. A lokacin, tarihin duniya da César Cielo na Brazil ya kafa tun 2009 ya tsaya ne a kan 20.91. Babu hukumar ninƙaya ko ɗaya da ta rubuta wannan sabon lokaci a kundinta, domin Gkolomeev ya sa rigar ninƙaya irin wadda aka daɗe da haramtawa, kuma ya shiga ruwan da magungunan ƙara ƙarfi a jikinsa, ba tare da ya ɓoye wa kowa ba. Mutumin da ya je gasar Olamfik sau huɗu bai taɓa komawa gida da lambar yabo ba, a wannan karon ya koma da dala miliyan ɗaya.

Waɗanda suka biya shi su ne masu shirya gasar Enhanced Games, wadda wani lauya ɗan Ostireliya, Aron D'Souza, ya ƙirƙiro a 2023, attajirai irin su Peter Thiel suka zuba mata jari, aka kuma tsara yin ta a karon farko a birnin Las Vegas cikin watan Mayun 2026. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: ɗan wasa na da damar shan abin da sauran gasanni suka hana, ciki har da sinadarin testosteron, muddin maganin yana da rajista a Amurka kuma likita na lura da shi. An yi alkawarin dala dubu 250 ga duk wanda ya zo na ɗaya, da dala miliyan ɗaya ga wanda ya karya tarihin gudun mita 100 ko ninƙayar mita 50. Zuwa watan Satumban 2025, Ben Proud na Birtaniya da Fred Kerley na Amurka, dukkansu masu lambobin Olamfik, sun sa hannu. Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya, WADA, ta yi tir da shirin, hukumar ninƙaya ta duniya kuma ta fito da doka a watan Yunin 2025 da za ta iya rufe ƙofarta ga duk wanda ya shiga.

Hujjar masu gasar ba ta wofi ba ce. Cewa suke yi 'yan wasa sun daɗe suna shan waɗannan magunguna a ɓoye, kuma ɓoyewar ce ke jawo ɓarna. Idan aka fito da abin fili aka danƙa shi hannun likitoci, haɗarin zai ragu. Sai dai tarihin waɗannan sinadarai yana da abin cewa a kan kalmar nan ta kulawar likita, kuma alƙaluman yau sun nuna cewa yawancin masu yi wa kansu allurar ba 'yan wasa ba ne, babu kuma likitan da ya san da zamansu.

Daga ɗakin bincike zuwa ɗakin ɗaga ƙarfe

Sinadaran gina tsoka, waɗanda likitoci ke kira anabolik sitiroid, dangin testosteron ne, wato sinadarin da 'ya'yan marainan namiji ke samarwa. Aikinsa biyu ne a jiki. Shi ne ke fasa muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu; shi ne kuma ke gina tsoka da ƙashi, ya ƙara jini. Shekara da shekaru masu harhaɗa magunguna suna ƙoƙarin raba ayyukan nan biyu, su samu abin da zai gina tsoka kaɗai. Har yau ba a samu wanda ya rabu sarai ba.

Labarin ya faro da wani tsoho. A 1889, Charles-Édouard Brown-Séquard, likita mai shekara 72, ya tsaya gaban masana a birnin Faris ya shaida musu cewa ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tace daga marainan karnuka da wasu ƙananan dabbobi, kuma ƙarfinsa na ƙuruciya ya dawo. Abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi wani tasiri ba, zuciyarsa ce kawai ta yarda, amma kasuwa ta buɗe nan take. Sai a 1935 ne ayarin Ernst Laqueur a Amsterdam ya ware testosteron zalla, kuma a cikin shekarar Adolf Butenandt a Jamus da Leopold Ružička a Suwizalan suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin bincike. Su biyun ne aka ba kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai a 1939.

Magani ne na gaske, kuma har gobe yana da amfani. Ana rubuta shi ga namijin da jikinsa ba ya samar da isasshen testosteron, da yaron da balagarsa ta yi jinkiri fiye da kima, an kuma yi amfani da danginsa wajen taimaka wa masu mummunar ƙuna, da waɗanda cutar ƙanjamau ko kansa ta ramar, da wasu nau'o'in ƙarancin jini. Bambancin yana wajen awo. Likita yana mayar wa jiki abin da ya rasa ne. Mai neman ƙwanji yakan ɗirka ninki goma ko fiye da haka, sau da yawa iri biyu ko uku a haɗe.

Yaƙin cacar baka ne ya shigar da shi fagen wasanni. A gasar ɗaga ƙarfe ta duniya da aka yi a Biyana a 1954, likitan tawagar Amurka, John Ziegler, ya samu labari daga wani takwaransa na Tarayyar Sobiyet cewa testosteron suke ba 'yan wasansu. Da kamfanin Ciba ya fito da ƙwayar Dianabol a 1958, Ziegler ya fara ba 'yan ɗaga ƙarfen Amurka da awo kaɗan. Ba a jima ba suka wuce awon da ya gindaya, kowa na ganin idan ƙwaya ɗaya ta yi aiki, biyar za su fi. Ziegler ya janye hannunsa, kuma ya bayyana nadamarsa kafin rasuwarsa. Ya yi zaton zai iya riƙe linzamin abin, ya kuma ga ya kuɓuce masa.

Kwamitin Olamfik na Duniya bai haramta su ba sai a 1974, aka fara gwajinsu a gasar Montreal ta 1976.

Shuɗiyar ƙwayar Jamus ta Gabas

A daidai shekarar da aka haramta su, Jamus ta Gabas ta mayar da ba da su aikin gwamnati, ƙarƙashin wani shiri na sirri mai lamba 14.25. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 17, wadda ke son nuna wa duniya fifikon tsarinta na gurguzu ta hanyar lambobin zinare. Kamfanin Jenapharm mallakar gwamnati ne ke sarrafa wata shuɗiyar ƙwaya mai suna Oral-Turinabol, masu horarwa na miƙa ta ga 'yan wasa, wasu tun suna 'yan shekara 13 ko 14, a ce musu bitamin ne. An ƙiyasta cewa 'yan wasa dubu goma ko fiye ne shirin ya ratsa ta kansu kafin rushewar katangar Berlin a 1989.

Babu shirin da ya kai wannan samun kulawar likitoci. Likitoci ne ke tsara awo, su ne ke rubuta abin da kowace yarinya ta sha, su ne ke lissafin ranar da za a dakata don kada gwaji ya kama. Kafin tawaga ta fita waje, ana gwada fitsarinta a ɗakin bincike na Kreischa, duk wanda alama ta nuna a jikinsa sai a ce ya ji rauni a bar shi a gida. An fi mayar da hankali kan mata, domin jikin mace ba shi da testosteron mai yawa, saboda haka ɗan kaɗan ma yana sauya ta ƙwarai. A Montreal, 'yan matan Jamus ta Gabas suka kwashe zinare 11 daga cikin 13 na ninƙayar mata, duniya na kallon faɗin kafaɗunsu tana jin kaurin muryoyinsu.

Likitocin sun ga illar, sun kuma rubuta ta a rahotanninsu ga hukumar leƙen asiri ta Stasi: lalacewar hanta, rikicewar al'ada, gashi a fuska, murya da ba ta komawa yadda take. Ba su dakata ba. Heidi Krieger, wadda aka fara ba ƙwayoyin tana 'yar shekara 16, ta ci zinaren Turai a jifan dalma a 1986 da nisan mita 21.10. A 1997 aka yi mata tiyatar sauya jinsi, ta koma Andreas Krieger, wanda ya sha faɗa cewa magungunan sun hana shi damar gano ko shi wane ne da kansa. Bayan haɗewar Jamus, wani masanin kimiyya Werner Franke da matarsa Brigitte Berendonk, tsohuwar 'yar wasa, suka tono takardun shirin suka wallafa a 1991. A shekarar 2000 kotu a Berlin ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifin taimakawa wajen cutar da 'yan wasa. Ewald ya samu ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 22, Höppner na wata 18. Babu wanda ya kwana a kurkuku. Diyyar da gwamnatin Jamus ta biya daga baya ta tsaya a kan kimanin Yuro 10,500 ga kowane mutum.

Ba adalci ba ne a daidaita wannan da gasar Las Vegas ta kowace fuska. Can yara ne aka yaudara, nan manya ne da suka sa hannu da saninsu. Amma akwai abin da ya haɗa su: a duka biyun, wanda ke biyan likitan shi ne wanda ke buƙatar a karya tarihi. Likita yana iya auna jini duk mako, ya ga hanta ta fara kuka ya rage awo. Abin da ba zai iya gani a takardar gwajin wannan makon ba shi ne halin da zuciyar za ta shiga bayan shekara ashirin, lokacin da kwantiragi ya daɗe da ƙarewa.

Ranar da doka ta farka

Ranar 24 ga Satumban 1988, Ben Johnson na Kanada ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a birnin Seoul. Kwana uku bayan nan aka ƙwace zinaren, saboda an samu sinadarin stanozolol a fitsarinsa. Wannan abin kunya ne ya ja hankalin 'yan majalisa, musamman a Amurka, inda a 1990 aka yi dokar da ta sanya sinadaran gina tsoka a rukuni na uku na abubuwan da gwamnatin tarayya ke sa wa ido. Abin lura shi ne, ƙungiyar likitocin Amurka da hukumar kula da abinci da magunguna, har ma da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba su goyi bayan matakin ba a lokacin, bisa hujjar cewa sinadaran ba su kama mutum irin kamun da hodar ibilis ke yi. Majalisa ta yi gaban kanta.

Daga nan aka shiga wasan ɓuya. A 2003 aka bankaɗo kamfanin BALCO a California yana raba wani sabon sinadari, THG, wanda aka ƙera musamman don kada gwaji ya gane shi. Wannan badaƙala ce ta ci Marion Jones, wadda ta mayar da lambobinta biyar na gasar Sydney, ta kuma yi zaman kaso na wata shida saboda yi wa masu bincike ƙarya. Majalisar Amurka ta faɗaɗa dokar a 2004, ta sake faɗaɗa ta a 2014. A wannan shekarar ce kuma Rasha, a gasar hunturu ta Sochi, take ba 'yan wasanta haɗin sinadarai uku da aka narkar a cikin barasa, ana musanya kwalaben fitsari da dare ta wata kafa a bango, kamar yadda shugaban ɗakin gwajin, Grigory Rodchenkov, ya tona daga baya.

Akwai wani kuskure da likitoci suka yi wanda har yanzu ake biyan bashinsa. Shekaru da dama manyan ƙungiyoyin likitocin wasanni suna cewa babu tabbacin waɗannan sinadarai na ƙara ƙarfi, alhali duk wanda ke shiga ɗakin ɗaga ƙarfe yana ganin akasin haka da idonsa. Sai a 1996 Shalender Bhasin da abokan aikinsa suka yi gwajin da ya raba gardama. Sun ba wasu maza miligiram 600 na testosteron duk mako har mako goma. Waɗanda aka yi wa allurar suna zaune ba sa motsa jiki sun fi waɗanda ke ɗaga ƙarfe ba allura samun tsoka, waɗanda suka haɗa biyun kuwa suka ƙara kimanin kilo shida. Kafin wannan gaskiya ta fito, masu amfani da sinadaran sun riga sun yanke cewa likita bai san abin da yake faɗa ba. Wanda aka ce masa abu ba ya aiki ya ga yana aiki, ba zai saurara ba ranar da aka ce masa abin yana kisa.

Waɗanda ba sa neman lamba

Duk wannan tarihi na 'yan wasa ne, kuma shi ya sa dokoki da gwaje-gwaje suka fuskanci filin wasa. Amma tun daga shekarun 1980 kasuwar ta bar filin. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara bincike daga sassan duniya, ya ƙiyasta cewa kashi 6.4 cikin ɗari na maza da kashi 1.6 na mata sun taɓa amfani da su. Akasarinsu ba su taɓa shiga wata gasa ba. Samari ne masu son faɗin ƙirji da cikar damtse, masu gadin ƙofar gidajen rawa, masu neman a kalle su a Instagram da TikTok, da magidanta da suka haura arba'in suna jin ƙarfinsu na raguwa.

Abin da ke faruwa a jikinsu a yanzu an san shi fiye da dā. Zuciya ita ma tsoka ce, tana kauri kamar yadda damtse ke yi, sai dai kaurinta ba alheri ba ne: bangonta yana sandarewa, ƙarfin tura jininta na raguwa. Kitse mai amfani a jini yana faɗuwa, marar amfani yana hawa, jini yana kauri, hawan jini ya biyo baya. Wani bincike da aka yi a Boston aka wallafa a 2017 ya auna masu ɗaga ƙarfe 140, ya samu cewa zuciyar masu amfani da sinadaran tana tura jini ƙasa da ta waɗanda ba sa yi, kuma gwargwadon shekarun da mutum ya yi yana sha, gwargwadon dattin da ya taru a jijiyoyin zuciyarsa.

Shaida mafi nauyi daga Denmak ta fito. Ƙasar tana gwajin fitsari a gidajen motsa jiki na talakawa, tana kuma da rajistar lafiya da ke bin kowane ɗan ƙasa, saboda haka masu bincike suka iya bin sawun waɗanda aka kama. A 2019 suka wallafa sakamakon maza 545: mace-mace a cikinsu ya ninka na tsararrakinsu sau uku. Da aka faɗaɗa binciken zuwa maza 1,189 aka bi su na kimanin shekara 11, sakamakon bai sauya sosai ba. Waɗannan mutane ne da yawancinsu ba su kai shekara talatin ba lokacin da aka gwada su.

Nau'o'in da ake haɗiya suna wahalar da hanta fiye da na allura. Yaron da bai gama girma ba, ƙasusuwansa na iya rufewa da wuri, ya tsaya a gajere. Akwai ƙuraje, akwai sanƙo, akwai kumburin nono ga namiji, domin jiki yana juya rarar testosteron zuwa sinadarin mata. Ga mace, kaurin murya ba ya komawa ko ta daina. Saurin fushi yana samun wasu, ba kowa ba. Wanda kuma ya yi tarayya da wani a allura ɗaya ya buɗe wa ciwon hanta da ƙanjamau ƙofa.

Illar da ba a cika faɗa ba ita ce ta haihuwa. Idan ƙwaƙwalwa ta ji testosteron ya yi yawa a jini, sai ta daina aika wa maraina umarni. Su kuma su daina aiki, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har ya kai babu ƙwayar haihuwa a cikinsa. Wannan tasiri yana da ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza. A sakamakon da aka wallafa a 1990, kimanin kashi biyu cikin uku na mazan da aka yi wa miligiram 200 duk mako sun daina fitar da ƙwayar haihuwa gaba ɗaya. Awon gidan ɗaga ƙarfe ya ninka wannan. Idan mutum ya daina, jiki yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya farfaɗo, wasu ma ba sa komawa daidai. A wannan tsakanin tsokar tana zubewa, sha'awa tana mutuwa, baƙin ciki yana sauka. Hanya mafi kusa ta fita daga wannan hali ita ce a koma ga allurar. Ta nan ne kusan kashi 30 cikin ɗari na masu amfani da su ke zama ba sa iya bari, abin da hukumomin Amurka ba su hango ba a 1990.

Doka ɗaya a nan, wata a can

Sinadaran gina tsoka ba sa cikin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 da suka tsara yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Yarjejeniyar UNESCO ta 2005 da ƙa'idojin WADA, wadda aka kafa a 1999, 'yan wasa suka shafa. Saboda haka kowace ƙasa ta bi hanyarta. A Amurka, mallakarsu ba takardar likita laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku har shekara guda a karon farko. A Birtaniya suna rukunin C: mallaka don amfanin kai ba laifi ba ne, amma sayarwa ko rabawa na iya jawo ɗaurin shekara 14, kuma tun 2012 an hana yin odarsu ta gidan waya daga waje. Kanada ma mai sayarwa take bi. Suwidin ta mayar da shan su kansa laifi a 1999, Norwe ta bi sahu a 2013. A wasu ƙasashen kuwa, duk da dokar takardar likita, mutum yana shiga kantin magani ya saya kamar fanadol.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta kashe kasuwar. Garin sinadarin yana fitowa galibi daga masana'antun Asiya, a dama shi da mai a ɗakunan ɓoye, a liƙa masa takarda mai kyau, a tallata a intanet. Wani nazari na 2022 da ya tattara gwaje-gwajen kayan da aka kama a ƙasashe daban-daban ya samu cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku jabu ne, ko dai babu abin da aka rubuta a ciki ko kuma wani abu ne daban. Tsarin Birtaniya yana da fa'ida guda da za a iya nunawa: tunda mai amfani ba ya tsoron kamu, yana zuwa cibiyoyin karɓar allura mai tsafta, har a wasu yankunan masu gina tsoka sun fi masu shan hodar ibilis yawa a irin waɗannan cibiyoyi. A nan ne hujjar masu gasar Las Vegas take da ƙamshin gaskiya, domin wanda ke ɓuya ba ya zuwa asibiti sai abu ya ɓaci. Amma buɗe wa mai amfani ƙofar asibiti daban, ɗora shi a talabijin da cakin dala miliyan ɗaya daban. Kamfanin da ke shirya gasar bai ɓoye cewa yana da niyyar sayar wa jama'a testosteron da makamantansa ta intanet ba. Idan haka ne, gasar talla ce, kuma kasuwar da ake nufi ita ce saurayin da ke kallo a wayarsa.

Najeriya ta ɗanɗana ɓangaren wasanni na wannan matsala. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan wasanta goma fitowa saboda ba a yi musu adadin gwajin da ƙa'ida ta tanada ba, aka kuma dakatar da Blessing Okagbare ana tsakiyar gasa, ko da yake abin da aka samu a jikinta wasu sinadarai ne na daban. Zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka na mata da ƙasar ta ci a gasar Commonwealth ta Birmingham a 2022 ya koma hannun Ingila, bayan an samu ostarine da ligandrol, sababbin magunguna masu kwaikwayon aikin testosteron, a jikin ɗaya daga cikin 'yan gudun.

Ɓangaren da ba na wasanni ba shi ne babu mai tsaronsa sosai. A ƙa'ida, testosteron magani ne da ba a bayarwa sai da takardar likita. NAFDAC ce ke rajistar magunguna, hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ce ke sa ido kan kantuna, kuma ƙananan kemis ba su da izinin sayar da irinsa. Kowa ya san nisan da ke tsakanin wannan ƙa'ida da abin da ke faruwa a kan kanta. Akwai kuma ruɗani da ya kamata a warware: ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone, waɗanda mata da 'yan mata ke sha don su ciko, su ma sitiroid ake ce musu, amma dangi ne daban. Ba sa gina tsoka, cinye ta suke yi, suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, suna jawo ciwon suga da hawan jini. Abin da ya haɗa su da na samari shi ne kanta ɗaya ake sayensu, kuma buri ɗaya ne, a sauya jiki cikin makonni.

Gidajen motsa jiki suna ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja, bidiyoyin masu gina jiki na ƙasashen waje kuma suna shiga kowace waya. Saurayin da ya fara allura yana ɗan shekara 22 ba zai ji komai a zuciyarsa ba a shekarun farko, abin da zai gani a madubi kuwa zai faranta masa rai. Inda abin zai fara bayyana shi ne bayan aure, idan shekara biyu ta wuce babu ciki. A yadda aka saba, matar ce za a fara kaiwa asibiti, ita za a yi wa hoto da gwaje-gwaje, ita dangin miji za su sa wa ido, wataƙila har a fara maganar ƙarin aure. Gwajin maniyyi ba shi da tsada kuma ba ya ɗaukar lokaci, amma sai mijin ya yarda a yi shi, sai kuma likitan ya tuna ya tambaye shi ko ya taɓa yin allurar ƙwanji.